Dalma da Ɗan da ke Ciki: Abin da Gwajin Ɓeraye Ya Nuna Game da Jijjiga

Wata ɗaliba mai koyon aikin ungozoma ce ta rubuto mini. Ta ce ta karanta cewa idan aka shayar da ɓera mai ciki ruwan da ke da dalma, 'ya'yan da za ta haifa sun fi sauran ɓeraye saurin kamuwa da jijjiga. Tana son ta san ko gaskiya ne, da kuma yadda abin ke faruwa. Sai a ƙarshen wasiƙar ta fito da abin da ke hana ta barci: yayarta ta yi shekaru tana aiki a wurin da ake fasa tsofaffin baturan mota, yanzu kuma tana da ciki wata huɗu. Shin ɗan zai zo da farfaɗiya?

'Yar'uwa, bari in fara da wadda ta fi damun ki. Gwajin ɓeraye bai ce duk uwar da dalma ta shiga jikinta za ta haifi mai farfaɗiya ba. Abin da gwaje-gwaje da dama suka nuna shi ne ƙwaƙwalwar da ta ginu dalma na yawo a cikinta takan fito da ƙarancin juriya, ta yadda abin da wata ƙwaƙwalwar za ta shanye lafiya ƙalau, ita sai ya ɓalle mata. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan ne amsarki take.

Jijjiga daban, farfaɗiya daban. Jijjiga aukuwa ce: ɗimbin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa su tashi da aiki a lokaci guda, babu tsari, har jiki ya sandare ko ya riƙa fizga. Farfaɗiya kuwa ciwo ne, inda jijjigar ke ta dawowa da kanta ba tare da wani abu ya tsokano ta ba. Babu ƙwaƙwalwar da ba za ta yi jijjiga ba in an matsa mata sosai, ko ta mutum ko ta ɓera. Zazzaɓi mai zafi, faɗuwar sukari a jini, bugu a kai, duk suna iya kai ta can. Bambancin kawai, wata sai an sha wuya kafin ta kai, wata kuwa da ɗan turi ta tafi.

Yadda nake kwatanta wa ɗalibai shi ne da mahayin doki. Ƙwaƙwalwa tana da ƙaimi, tana da linzami. Babban ƙaiminta wani sinadari ne mai suna glutamet, shi ke zaburar da ƙwayoyin jijiya. Babban linzaminta kuma GABA, shi ke ja musu baya. Duk tunani da motsi da numfashin da kike yi, wasa ne tsakanin waɗannan biyun. In ƙaimi ya yi yawa, ko linzami ya yi sako-sako, doki ya ƙwace.

To yaya ake auna wannan juriyar a ɓera? Ana ɗaukar ɓeraye mata, a raba su gida biyu. Kashi ɗaya a zuba musu gishirin dalma a ruwan sha tun kafin a haɗa su da maza ko daga ranar da ciki ya shiga, ɗaya kashin a ba su ruwa marar dalma. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne. Idan 'ya'yan suka kai shekarun da ake so, sai a yi musu allurar wani sinadari da aka san yana kawo jijjiga. Wanda aka fi amfani da shi ana taƙaita sunansa PTZ, aikinsa kuma toshe maƙallan GABA, wuraren da GABA ke maƙalewa a jikin ƙwayar jijiya ya isar da saƙonsa, wato yanke linzamin da gangan. Akwai pikrotoksin da ke yin kusan irin wannan, akwai wasu da ke danna ƙaimin kai tsaye kamar NMDA da kainik asid, akwai kuma gwajin da ake yi da wutar lantarki.

Na tsaya a gaban akwatin gilashin nan da agogo a hannu, kuma abu ne da ba ya fita a ran mutum. Ana gama allurar, ɗan ɓeran zai ci gaba da sunsunar kusurwoyi kamar babu komai. Can sai ya tsaya cik. Gashin bakinsa ya fara rawa, kunnuwa su kwanta. Sai fizga ɗaya, kamar an ja shi da zare ta ƙeya. A nan ake danna agogo karo na farko. In abin ya ci gaba, ƙafafun gaba su kama karkarwa, ya miƙe a kan na baya, ya faɗi ta gefe. Mataki mafi muni shi ne ƙafafun baya su miƙe su sandare. Ana rubuta daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin fizgar farko, da matakin da abin ya kai, galibi bisa ma'aunin da Ronald Racine ya tsara a 1972 mai matakai biyar, ko wanda aka gyara daga gare shi. Wata hanyar da ta fi wannan daidai ita ce a riƙa ɗura sinadarin a hankali ta jijiyar wutsiya, a ga miligiram nawa ya shiga kafin fizgar ta zo. Ɓeran da ya fizga da ɗan kaɗan, shi ne mai ƙarancin juriya. Dabbobin nan suna wahala, shi ya sa ba a yin gwajin sai da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, kuma duk wanda ya yi shi da ganganci, ba tare da tsari mai kyau ba, ya ɗauki alhakinsu a banza.

Tarihin abin ya faro ne daga dalma mai yawan gaske. A 1966 Pentschew da Garro suka cakuɗa dalma har kashi 4 cikin 100 a abincin ɓeraye masu shayarwa. Iyayen ba su nuna wata babbar alama ba, amma 'ya'yan da ke tsotson su suka shanye ta ƙafafun baya, da aka buɗe kawunansu kuma aka tarar jini ya tsiyaya a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Wannan ya yi kama da abin da likitocin yara suka daɗe suna gani: yaron da dalma ta yi masa yawa a jini, galibi sama da maikrogiram 70 zuwa 100 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, ƙwaƙwalwarsa kan kumbura, ya yi amai, ya yi jijjiga, ya suma, wani ma ya rasu. A irin wannan hali dalma tana lalata bangon ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ne, ruwa ya tsiyayo, kai ya cika. Wannan babu gardama a kansa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta dalmar da ba ta kai ta kumbura ƙwaƙwalwa ba, wadda ɗa zai taso da ita ana ganin sa garau. A 1979 Ellen Silbergeld da abokan aikinta a Amurka suka gwada ɓerayen da suka sha irin wannan dalmar tun suna jarirai, suka ga sun fi saurin jijjiga idan aka ba su sinadaran da ke raunana GABA, suka kuma ga yadda ƙwaƙwalwarsu ke sarrafa GABA ɗin ya sauya. A 2002 Chen da Chan a Taiwan suka shayar da iyaye dalma a lokacin ciki da goyo, suka gwada 'ya'yan da sinadarai iri-iri, sai sakamakon ya ƙi tafiya layi ɗaya: ya danganta da sinadarin da aka tsokano jijjigar da shi. A 2005 kuma Arrieta da abokan aikinsa a Meziko suka nuna ko manyan ɓeraye, in suka yi wata guda suna shan dalma, PTZ kaɗan ya ishe su.

Wannan rashin tafiya layi ɗaya yakan rikita ɗalibai, amma ni a wurina shi ne wurin da ya fi koyarwa, domin dalma ba wuri ɗaya take taɓawa ba.

Asalin sharrinta kama ce. Ƙwayar dalma tana ɗauke da caji irin na kalsiyam da zink, sai jiki ya karɓe ta a matsayinsu, ta zauna a kujerarsu, ta kasa yin aikinsu. Kalsiyam shi ne ke ba bakin jijiya umarnin sakin saƙo. Dalma tana toshe ƙofofin da kalsiyam ke shiga, don haka in saƙo na gaskiya ya zo, abin da ake saki ba ya kai yadda ya kamata. In kuma ta samu ta kutsa cikin ƙwayar jijiyar, sai ta riƙa sa ta ɗigar da saƙo ba a aike ta ba. Lasley da Gilbert sun auna wannan a hipokampus na ɓeraye masu rai, sashen da ke riƙe da koyo da tuni, wanda kuma farfaɗiyar manya da yawa ke tasowa daga yankinsa. Sun ga glutamet da GABA duka biyun suna raguwa a lokacin da aka buƙace su. A 1988 Markovac da Goldstein suka nuna dalma tana kunna wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai a cikin ƙwaya, mai suna PKC da adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda kalsiyam ke buƙata. Tun 1990 kuma aka san tana toshe maƙallin NMDA, ɗaya daga manyan hanyoyin da ƙaimin glutamet ke bi.

Kin ga inda rikicin yake. Dalmar da ke cikin ƙwaƙwalwa a yanzu tana dusashe ƙaimin NMDA, saboda haka in da NMDA aka gwada ɓeran, ba mamaki ya yi kamar ya fi juriya. In kuwa ta wajen linzami aka taɓa shi, sai rauninsa ya fito fili. Duka biyun gaskiya ne, kuma babu wadda ke nufin dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar alheri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓarnar gini. A ƙwaƙwalwar da ke tasowa, maƙallin NMDA shi ke tantance wace mahaɗa tsakanin ƙwayoyin jijiya za a ƙarfafa, wace za a sare. In aka toshe shi a wannan lokaci, wayoyin sukan haɗu ba yadda ya dace ba. Tomás Guilarte ya yi shekaru yana bin wannan, ya nuna dalma tana sauya sassan da ake harhaɗa maƙallin da su a hipokampus. A 2015 shi da Stansfield da sauransu suka ba da rahoton cewa ɓerayen da suka taso da dalma sun yi asarar wasu ƙwayoyin GABA na musamman, masu ɗauke da furotin ɗin da ake kira parvalbumin. Ƙwayoyin nan ba su da yawa, amma kowace ɗaya tana riƙe da wuyan ɗimbin ƙwayoyi masu zaburarwa, tana hana su tashi tare. Su ne igiyar linzamin kanta. In an haifi ɗa da ƙarancinsu, ko dalmar ta bar jini daga baya, ba lallai ne su dawo don an daina shan ta ba.

Akwai wata hanya ta gefe da ba a cika ambata ba. Dalma tana kashe aikin wani inzayim da ke cikin haɗa jan sinadarin jini, sai wani abu mai suna ALA ya taru a jiki. Shi kuma ALA a siffa ɗan'uwan GABA ne, har yakan zauna a wasu maƙallansa ya sa jijiya ta ɗauka ta saki isasshe, ta rage. Brennan da Cantrill sun bayyana wannan a 1979.

Yanzu ga inda nake son ki yi hattara in kina karanta irin waɗannan takardu, domin nan ne masu gaggawa ke yin tuntuɓe. Ɗan ɓera ana haihuwarsa tsirara, makaho, kunnuwa a toshe, ido ba ya buɗewa sai wajen kwana 14. Dobbing da Sands sun nuna a 1979 cewa ƙwaƙwalwar ɓera tana yin girmanta mafi sauri ne wajen mako guda bayan haihuwa, alhali ta ɗan Adam tana kai wannan ganiyar a daidai lokacin haihuwa. Ma'ana, kwanaki goma na farkon rayuwar ɓera a waje, su ne suka yi daidai da watanni ukun ƙarshe na cikin mace. Yawancin ƙwayoyin wani sashe na hipokampus ɗin ɓera ma bayan haihuwa ake yin su. Shi kansa GABA, a makon farko na rayuwar ɓera bai gama zama linzami ba, har zaburarwa yake yi, sai a hankali cikin mako na biyu yake komawa mai ja da baya. Saboda haka gwajin da ya tsayar da dalma ranar haihuwa ya kwaikwayi kusan watanni shidan farko ne kawai na cikin mace. Wanda ya ci gaba har yaye, kwana 21, ya haɗa ƙarshen ciki da farkon ƙuruciya wuri guda. In takarda ta ce "kafin haihuwa", ki duba wanne daga ciki take nufi.

Ko an ɗauke ruwan dalma ranar haihuwa, maganar ba ta ƙare ba, domin wadda ta taru a jikin uwar tana ci gaba da fita ta nono. Mai son ya raba tasirin ciki da na goyo dole ya yi musanyar 'ya'ya: a kwashe jariran uwar da ta sha dalma a kai wa wadda ba ta sha ba, nata kuma a kawo wa wannan. Haka nan ruwan dalma mai ƙarfi yakan sa uwa ta rage sha da ci, 'ya'yan su fito a rame, yunwa kuma ita kaɗai tana iya sauya juriyar ƙwaƙwalwa. Sai kuskuren da ya fi ɓata mini rai, wato a ɗauki 'ya'ya goma na uwa ɗaya a ƙirga su a matsayin shaidu goma. Ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, shaida ɗaya ce. Takardar da ba ta faɗi iyaye nawa aka yi amfani da su ba, kuma ba ta auna dalmar jinin 'ya'yan ba, ina ajiye ta gefe komai kyan zanenta. Maza da mata ma ba lallai su amsa iri ɗaya ba, kuma Deborah Cory-Slechta ta nuna cewa in aka haɗa wa uwar ɓera dalma da takura a lokacin ciki, abin da ke samun 'ya'yan yakan sha bamban da na dalma ita kaɗai.

Mu dawo kan yayarki. A mutane, illar dalma 'yar kaɗan da aka fi tabbatarwa ita ce ta kaifin basira da natsuwa da ɗabi'a. An bi yara tun suna ciki a Boston da Cincinnati a Amurka, da Port Pirie a Ostireliya, garin da ke da masana'antar narkar da dalma, kuma sakamakon ya nuna hanya ɗaya. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi ta sauke adadin da ake ɗaga hankali a kansa ga yara, daga maikrogiram 10 a kowace desilita ta jini a 1991, zuwa 5 a 2012, zuwa 3.5 a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu adadin da za a kira marar illa. Jijjigar da dalma ke kawowa kai tsaye tana zuwa ne a can sama, inda na ambata ɗazu.

Abin da ya sa labarin yayarki ya dame ni shi ne ƙashi. Dalmar jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin babba a ƙashi take kwance, kuma tana iya yin shekaru gommai a can. Idan ciki ya tsufa, ɗa yana buƙatar kalsiyam don gina nasa ƙashin, in na abinci bai isa ba sai jikin uwa ya riƙa ɗebowa daga nata, dalmar da ke ɓoye kuma ta biyo shi. Brian Gulson ya tabbatar da wannan a Ostireliya a shekarun 1990 ta wata hanya mai ban sha'awa. Dalmar kowace ma'adina tana da tambarinta da ake iya ganewa. Ya bi matan da suka yi ƙaura zuwa ƙasar daga Turai, ya ga a lokacin ciki da bayan haihuwa dalma mai tambarin ƙasarsu ta asali tana ƙaruwa a jininsu. Babu inda za ta fito sai ƙashinsu. Mabiyiya kuma ba ta tare ta, dalmar jinin cibiya takan yi kusa da ta jinin uwa. Ko da yayarki ta bar aikin tun bara, wannan bai isa a ce an rabu da ita ba.

Ga abin da zan so ki yi cikin makon nan, ba sai an jira awo na gaba ba. A ɗebi jininta daga jijiya a auna dalma, a gaya wa likitan irin aikin da ta yi da tsawon shekarun, don ba gwaji ne da ake yi wa kowace mai ciki ba sai an nema. Bisa ƙa'idar da CDC ta fitar a 2010, daga maikrogiram 5 ake fara bibiyar mai ciki da neman inda dalmar ke fitowa, maganin da ke tsamo dalma daga jini kuma sai ta kai wajen 45 ake tunaninsa, shi ma a hannun ƙwararre. Kada wani ya ba ta shi a gida. In har tana zuwa wurin baturan, ta daina yau. In akwai mai zuwa can a gidan, ya bar kayan aiki da takalmansa a can, ya yi wanka kafin ya shigo, domin ƙurar tana bin tufafi. Ki tambaye ta a hankali, ba cikin mutane ba, ko tana kwaɗayin cin ƙasa, don mata da yawa suna yi a ɓoye, ƙasar kuma tana iya ɗauke da dalma.

A duba ta ko tana da ƙarancin jini. Hanjin da ke neman sinadarin ƙarfe yakan buɗe ƙofa sosai, dalma kuma ta wannan ƙofar take bi. Kalsiyam ma haka. A birnin Meziko an ba mata masu ciki miligiram 1,200 na kalsiyam kullum, rahoton da ya fito a 2009 ya nuna dalmar jininsu ta yi ƙasa da ta waɗanda ba a ba su ba da kusan kashi 11 cikin 100. Ba yawa ba ne, amma a daidai lokacin da ake gina ƙwaƙwalwa ne. Na nace a kan yanzu saboda wani gwaji da aka buga a 2001, inda aka bi yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44: maganin da ke tsamo dalma ya sauke ta a jini, amma bai dawo musu da basirar ba.

Ke da ke koyon ungozoma, ki sa ido a kan awon hawan jininta, don dalma tana da alaƙa da hawan jini a lokacin ciki, kin kuma san hawan jinin ciki yana iya kai uwa ga jijjiga. Ranar haihuwa a auna jinin cibiya. In dalmar uwar tana ƙasa da 40, ta shayar da ɗanta nono, ta kuma ci gaba da shan kalsiyam ɗin duk tsawon goyon, domin ƙashi bai daina saki ba sai an yaye.